Me Ya Sa Fara Ba Ta Cin Dogon Yaro?



Akwai kuka guda wanda yake dawowa a tarurrukan ƙungiyoyinmu kowace shekara, watau kukan feshi. Mutum ya sayi magani ya fesa wa albasarsa, bayan kwana goma sai ganye ya sake yin fari-fari. Ya ƙara ma'auni ya sake fesawa. Kafin a kai albasa rudu, rabin ribar ta riga ta tafi kantin mai magani. Wani kuma ya dawo gida da ciwon kai da jiri.

Domin wannan muka ga ya kamata mu koma baya kaɗan, mu tambayi kanmu: me ya sa wannan ƙwaro yake cin wannan tsiro, ya bar na kusa da shi? Masana sun daɗe suna bin sawun wannan tambaya a dazuzzukan ƙasashe masu zafi. Abin da suka gano yana da amfani ga mai fangali goma kamar yadda yake da amfani ga mai eka goma.

Ƙwari iri nawa ne?

Irin ƙwarin da masana suka ba suna a duniya sun kai wajen miliyan ɗaya. Waɗanda ba a ba su suna ba sun fi haka yawa ƙwarai. A 1982 wani masani ɗan Amurka mai suna Terry Erwin ya ba da labarin aikin da ya yi a Panama. Ya busa hayaƙin magani a kan itatuwa 19, dukansu iri ɗaya, ya tattara abin da ya faɗo. Daga dangin buzuzu kaɗai ya sami wajen iri 1,200. Sai ya yi lissafi ya ce watakila akwai iri miliyan 30 a duniya. Masana na baya sun ga lissafin ya yi yawa. A 2018 Nigel Stork ya kawo shi wajen miliyan biyar da rabi. Ko da haka ne, cikin kowane iri biyar, huɗu ba su da suna tukuna.

A ƙasar Papuwa Niyu Gini, Vojtech Novotny ya yi shekaru yana aiki da mutanen ƙauye a yankin Madang. Su ne suke tsince tsutsa daga ganye, su rubuta sunan itacen, su yi kiwonta a kwalba har ta zama malam-buɗe-littafi. A 2006 suka nuna wani abu mai sauƙin ganewa. Itace guda a ƙasa mai zafi ba ya ɗaukar irin ƙwari fiye da itace guda a Turai sosai. Abin da ya sa ƙwarinmu suka fi nasu yawan iri shi ne, itatuwa da ciyayi na ƙasashe masu zafi sun fi nasu yawan iri. In tsire-tsire sun yi yawan iri, ƙwari ma za su yi.

Kada wannan ya tsorata mu. Kaɗan ne daga cikinsu suke yi mana ɓarna. Waɗansu suna kai garin fure daga wannan fure zuwa wancan. Waɗansu suna ruɓar da taki. Da yawa kuwa abincinsu shi ne 'yan'uwansu ƙwari.

Tsiro ba ya gudu, amma yana da makami

Akuya in ta ga kura sai ta gudu. Tsiro ba shi da ƙafa. Saboda haka makaminsa yana cikin jikinsa: ɗaci, da yaji, da wari, da ƙaro, da guba. Mun san waɗannan abubuwa tun muna yara, ko da ba mu kira su da sunan kimiyya ba.

Kowane makiyayi ya san gyauron dawa yana kashe akuya, balle in ya sha fari. Dalili kuwa shi ne, ƙaramar dawa tana da wani sinadari wanda yake sakin gubar sayanayid da zarar an tauna ganyen. Gubar nan ita ce kuma take cikin rogo mai ɗaci, shi ya sa ake jiƙa shi. Taba tana da nikotin, wanda yake kama jijiyar ƙwaro. Auduga tana da 'yan baƙaƙen ɗigo a ganye da angurya, cike da guba. Ɗacin maɗaci da ɗacin dogon yaro dangi ɗaya ne, gama itatuwan biyu 'yan gida ɗaya ne. Warin doɗɗoya da na bunsurun fadama, wanda iyayenmu suke shimfiɗawa cikin rumbu, shi ma makami ne.

Kowane makami da wanda ya iya shi

Amma ga abin mamaki. Babu tsiron da ya tsira sarai. Ku dubi tumfafiya a bakin hanyar Jega zuwa Maiyama. Farin ruwanta yana da gubar da take taɓa zuciya, in ya shiga ido kuwa yana iya lalata gani. Duk da haka akwai fara mai ado wadda take zaune a kanta tana cin ganyen. Farar tumfafiya ke nan, kowa kuwa ya san ba a cinta. A 1967 Miriam Rothschild da Tadeus Reichstein da abokan aikinsu suka nuna dalili: farar tana ajiye gubar tumfafiya a jikinta, tana fesa wa mai son kama ta. Haka kuma tsutsar wani malam-buɗe-littafi mai ruwan goro da baƙin gefe take yi. Makamin tsiro ya zama garkuwar ƙwaro.

A 1964 Paul Ehrlich da Peter Raven suka bayyana wannan al'amari. Tsiro ya fito da sabuwar guba, ƙwari su ja da baya. Bayan zamani mai tsawo wani ƙwaro ya sami hanyar jure ta, sai ya ci shi kaɗai ba abokin gasa, zuriyarsa ta yaɗu. Daga nan warin da yake korar saura ya zama alamar da take nuna masa inda abincinsa yake. Shi ya sa yawancin ƙwari masu cin ganye suna da 'yan tsire-tsire kaɗan da suke iya ci. Tsutsar kwanson wake ba ta shiga zangarniyar gero. Ko dogon yaro yana da nasa: wajen 1985 wani ƙaramin ƙwaro mai maƙalewa a reshe kamar ƙambori ya busar da itatuwa da yawa a kewayen Tafkin Chadi.

Wani bincike da aka buga a 2015 ya ƙara mana haske. An duba dangin masoro a dajin Kosta Rika. Irin da suke da sinadarai masu yawan iri a ganyensu sun fi tara ƙwari iri-iri, amma ɓarnar da aka yi musu ta fi ƙanƙanta. Ƙwari iri da yawa, kowanne kaɗan-kaɗan, sun fi sauƙi bisa ga iri guda wanda ya cika gona. Wannan ita ce hikimar haɗa gero da wake da dawa a gona ɗaya. Fadama mai albasa kaɗai daga wannan gefe zuwa wancan, shekara bisa shekara, gayyata ce ga ƙwaro guda.

Mu zo kan albasa

Albasa tana ɗebo farar wuta daga ƙasa ta ajiye a jikinta. Muddin ba a ji mata rauni ba, ba ta yaji. In wuƙa ko haƙori ya fasa ta, sai abubuwa biyu da suke ajiye daban su haɗu, su fitar da tururin da yake sa hawaye. A 2002 ne masana na Japan suka gano ainihin abin da yake haɗa tururin nan. Wannan makami yana korar dabbobi da ƙwari da yawa.

Amma akwai wanda bai dame shi ba, shi ne babban magabcinmu. Ƙaramin ƙwaro ne siriri, tsawonsa wajen milimita ɗaya, rawaya-rawaya ko ƙasa-ƙasa. Masana suna kiransa Thrips tabaci. In kun buɗe wuyan albasa, inda sababbin ganye suke fitowa, za ku gan shi yana gudu. Yana huda fatar ganye ya tsotse ruwan, wurin ya zama fari kamar azurfa. Ganyen da ya yi haka ba ya iya ciyar da kai, sai kan albasa ya fito ƙarami. Raunin kuma ƙofa ce ga cutar da take yi wa ganye tabo mai duhu har ya bushe.

Ga abin da ya sa feshi yake ba mu kunya. Macen tana sa ƙwanta a cikin naman ganye, inda magani ba ya kaiwa. 'Ya'yan suna ɓuya a cikin wuya. In sun ƙoshi sai su sauka cikin ƙasa su kwanta kafin su fito da fiffike. Mace kuma tana haihuwa ba tare da namiji ba. Lokacin zafi, daga ƙwai zuwa babba mako biyu ne zuwa uku. To, wanda ya fesa yau ya kashe na waje kaɗai. Na cikin ganye da na ƙasa suna nan tafe. In kuwa magani iri ɗaya ake ta maimaitawa, 'yan kaɗan da suka jure shi su ne za su haifi na gobe.

Akwai abubuwa huɗu da suke hannunmu.

Na ɗaya, lokacin dashe. Ƙwaron yana da kaɗan cikin sanyin hunturu, yana yawaita in zafi ya fara a Fabrairu da Maris. Gwajin da aka yi a gonar Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato ya nuna dashen wuri, na Nuwamba da Disamba, ya fi na baya tsira da kuma amfani.

Na biyu, taki. Yuriya mai yawa tana sa ganye ya yi taushi da ruwa-ruwa, ƙwaron kuwa haka yake so. A raba ta, kada a zuba fiye da ƙima.

Na uku, irin albasa. A Jami'ar Wisconsin ta Amurka an ga albasa mai ganye kore shar mai ƙyalli ba ta tara ƙwaron kamar mai ganye mai toka-toka. Bambancin yana cikin kakin da yake bisa fatar ganye. Mu da muke ajiye irinmu da kanmu, sai mu lura da fangalin da ya fi tsira, mu ɗebi iri daga can.

Na huɗu, tsabta. Ragowar albasa da ganyen da aka bari a gona bayan cira su ne gadar da ƙwaron yake bi zuwa sabon dashe. Kada a kafa gadon iri kusa da tsohuwar gona.

Ku tuna kuma, masu noman irin albasa, furenta ba ya yin 'ya'ya sosai sai ƙudan zuma da ƙudaje sun ziyarce shi. Wanda ya yi feshi da rana a kan fure ya kori ma'aikatansa da hannunsa.

Tsiro yana kiran taimako

A 1990 Ted Turlings da James Tumlinson a Fulorida suka gano wani abu. In tsutsa tana cin masara, yawunta yana sa masarar ta fitar da wani ƙanshi na musamman. Yanka ganye da reza kaɗai ba ya sa ta yi haka. Ƙanshin yana jawo wani ɗan ƙaramin zanzaro, wanda yake sa ƙwansa a cikin tsutsar. 'Ya'yansa su cinye ta daga ciki. Watau masara ta yi kururuwa, mai ceto ya zo.

Irin waɗannan ƙananan zanzaro suna nan a gonakinmu. Ba sa harbin mutum, waɗansu ma ba su kai kan allura ba. A Nijar, tun daga 2006, ma'aikatan cibiyar binciken noma ta INRAN a Maraɗi sun yi aiki da manoma a kan tsutsar zangarniyar gero, wadda take yi wa zangarniya zane kamar an nannaɗa mata igiya. Sukan zuba gero kaɗan a ƙaramin buhun algarara, tare da tsutsar rumbu da macen zanzaro mai suna Habrobracon hebetor, su rataye a gona lokacin da gero yake fid da kai. Sababbin zanzaro su fito ta ramukan buhun su bi tsutsar. An yi haka a Mali da Burkina Faso ma.

Masu shinkafa a fadamun Gulbin Zamfara su ma suna da irin waɗannan abokai. Akwai ƙwaro mai kama da sauro wanda tsutsarsa take sa reshen shinkafa ya zama bututu kamar ganyen albasa, ba ya kuwa yin zangarniya. A 1988 ya yi babbar ɓarna a Abakaliki. Zanzaro iri biyu ne suke rage shi. Haka kuma tsutsar masara da ta zo daga nahiyar Amurka, wadda aka fara gani a Nijeriya a 2016, an tarar da zanzaro mai shiga ƙwanta a Nijar da Benin.

Gizo-gizo, da ƙoƙi-ƙoƙi, da mazari, da 'yar jar buzuzu mai baƙin ɗigo wadda take cin darɓa, duk ma'aikatanmu ne marasa albashi. Magani mai kashe kome da kome yakan fi kashe su, gama su suna yawo a fili, mai ɓarna kuwa yana ɓoye. Bayan feshi mai ɓarnar ya dawo ya tarar ba mai tsaron ƙofa.

Yadda za mu ari makamin dogon yaro

Dogon yaro, wanda waɗansu suke kira darbejiya ko bedi, asalinsa daga Indiya da Bama ne. A 1959 wani Bajamushe, Heinrich Schmutterer, yana aiki a Sudan sa'ad da fara ta sauka. Ta cinye kowane kore, ta bar dogon yaro. A 1968 masana biyu a Ingila, Butterworth da Morgan, suka ware sinadarin da yake yin wannan aiki, aka sa masa suna azadiraktin. Ya fi yawa cikin ƙwallon, ba cikin ganye ba. Ba ya kashewa nan take. Yana hana ƙwaro ci, yana kuma hana tsutsa saɓa, sai ta mutu ba ta girma ba.

Ga yadda ake yi:

1. A tsince 'ya'yan da suka nuna suka faɗo, a wanke naman, a shanya ƙwallon a inuwa. A zubar da wanda ya yi fumfuna.
2. A daka rabin kilo, a jiƙa cikin ruwa lita 10, ya kwana.
3. A tace da ƙyalle mai laushi domin kada ya toshe bakin famfo. A narka sabulu kaɗan a ciki domin ya kama ganye.
4. A fesa da yamma, gama rana tana kashe ƙarfinsa. A nufi wuyan albasa.
5. A maimaita bayan mako guda. Kada a ajiye ruwan da aka jiƙa, a yi sabo kowane lokaci.

Gaskiyar magana, dogon yaro ya fi aiki tun ƙwari suna kaɗan. In sun riga sun cika gona, a nemi shawarar malamin gona a kan maganin kanti, a bi ma'aunin da aka rubuta, a rufe jiki da hanci, a kuma riƙa sauya dangin magani, ba sunan kwalba kaɗai ba.

Kada kuma mu ce tun da daga daji abu ya fito ba ya cutarwa. Ruwan taba yana shiga ta fata ya sa mutum amai. Magimfa tana kashe kifi, kada a kai ta kusa da gulbi ko tafki. Man dogon yaro ba na shan yara ba ne, yana iya kashe jariri.

A cikin rumbu

Ƙwaron wake yana shigowa tun daga gona, ya hayayyafa a buhu. Zuba fiya-fiya a cikin wake cuta ce ga mai ci. Saboda ragowar irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015. Buhun PICS mai riɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi, ba ya bukatar magani. In wake ya bushe sarai, aka ɗaure kowace leda daban, ƙwarin suna shanye iskar da take ciki su mutu. Ƙungiya tana iya sayen buhunan a tare domin farashi ya sauka.

Aikin ƙungiya: littafin ƙwari

Mutanen ƙauyen Madang ba su je jami'a ba, amma da idonsu da kwalba suka taimaki duniya ta gane ƙwari. Mu ma za mu iya. Muna roƙon kowace ƙungiya ta sayi littafi guda, ta zaɓi mutum biyu, babba da matashi mai rubutu.

Sau ɗaya a mako, da sassafe, su shiga gona su tsaya wuri biyar, a kowane wuri su buɗe wuyan albasa huɗu. Su ƙirga ƙwari, su ƙirga ganye, su raba. A jihar New York ta Amurka manoma ba sa feshi sai lissafin ya kai ƙwaro ɗaya zuwa uku a kowane ganye. Littafinmu ne zai nuna mana namu ma'aunin bayan shekara biyu ko uku. A rubuta ranar dashe, da irin albasa, da takin da aka zuba, da ciyawar da take gefe, da abokan da aka gani.

In an sami tsutsar da ba a sani ba, a sa ta a kwalba da ganyen da aka same ta a kai, a rufe da ƙyalle, a riƙa sauya ganyen. In malam-buɗe-littafi ya fito, mun san uwar. In ƙananan zanzaro suka fito, mun san gonar tana da masu tsaro, sai a dakata da feshi. A ɗauki hoto da waya a nuna wa malaman gona na KARDA, ko a kai jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006.

A tambayi tsofaffi kuma, maza da mata, wane ganye ko saiwa suke sa wa rumbu a dā, a rubuta tun suna tare da mu. Saiwar sanya, wadda ake kira uwar magunguna, manoman arewacin Gana suna sa ta cikin hatsi, masana kuwa sun gwada sun tarar warinta yana kashe ƙwarin rumbu.

Tambayoyi domin taro mai zuwa

1. Sau nawa kowannenmu ya yi feshi a ranin bara, nawa kuma ya kashe?
2. Wa ya yi dashe da wuri, wa ya makara? Yaya albasarsu ta bambanta?
3. Waɗanne ƙwari ne muke kashewa alhali abokanmu ne?
4. Wa zai riƙe littafin ƙwari, kuma a gonar wa za a fara?

Ku aiko mana da abin da kuka gani, mu kuwa za mu buga domin sauran ƙungiyoyi su ƙaru. Allah ya ba da amfani mai albarka.